Dandamalin Aji Na Takwas

Lagoa do Marruá, 3 ga Maris, 1997

Zuwa ga Gilvânia Teles,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya ke da mai gidanki da yara, wadda take rubuto miki ita ce Zuleide Amorim, malamar lissafi. Idan sunan bai tuna miki komai ba, ke ce lamba goma sha huɗu a rajistata ta 1979, kujera ta uku daga taga. Mahaifiyarki ta tare ni a bakin coci ta ce yanzu ke mai gashin ƙashi ce a Teresina, har da farar riga. Na yi mata murna, na kuma karɓi adireshinki.

Ga abin da ya kawo ni. Kafaɗata ta dama ta yi mini tawaye. Na auna ta da babban ma'aunin kusurwa na katako da muke amfani da shi a allo: daga sifili zuwa digiri sittin lafiya lau, daga sittin zuwa ɗari da ashirin kamar ana murɗa ƙusa a ciki, in na daure na wuce nan sai ta sake ni. Taje gashi ya zama aiki. Kwanciya ta wannan gefen kuwa na manta yadda ake yi. Yayata Creuza ta shafa mini kitsen damo, ta kawo mai addu'a ta kaɗa mini ganye, yanzu kuma ta rataye mini hannun da mayafi. Ina wari kamar kasuwar nama, ciwon yana nan.

Makon jiya alli ya faɗi daga hannuna a gaban aji na takwas, ban iya ɗaga hannun na ƙarasa lissafin ba. Seu Otacílio, shugaban makaranta, ya kira ni ofis, ya zuba mini kofi da hannunsa, ya ce shekara ashirin da shida ina wahala, lokaci ya yi da zan huta. Ya tura sunana ga kwamitin likitocin ma'aikata, za su duba ni ranar 12 ga Yuni. In suka ce ban iya allo ba, za a ɗauke ni daga aji har abada a kai ni laburare. Kin san laburarenmu: littafi ɗari biyu da mata huɗu, duk tsoffin malamai, kowace da kafaɗarta. Suna gadin ƙamus ɗaya suna saƙa. Ni ba zan zama ta biyar ba.

Abin da nake so ƙarami ne. Ki rubuto mini takarda da hatiminki cewa kafaɗata lafiyarta ƙalau. Seu Belarmino direban motar safe zai karɓo. Ga mazarƙwaila na aiko wa yara.

Ki huta lafiya,
Zuleide Amorim

*

Teresina, 8 ga Maris, 1997

Malama Zuleide,

Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan Dona Creuza da kowa na gida suna lafiya. Ko ba ki sa suna ba na gane rubutun. Na buɗe ambulan a tsaye, sai na ga na gyara zama kamar za a kira rajista.

Malama, takardar nan ba zan rubuta ba. Ban ga kafaɗar ba, kuma abin da kika bayyana ba na mai lafiya ba ne. Na tuna wata yarinya da ta zo miki da maki huɗu da rabi tana kuka, tana roƙon rabin maki don kada ta maimaita aji. Kika ce mata lamba ba ta jin kuka. Yarinyar ta maimaita aji na takwas. Ba don haka na ƙi ba, amma ba zan ɓoye miki ba, na ɗan ji daɗin rubuta wannan layin.

Ki kwance mayafin nan yau. Kafaɗar da aka ɗaure sandarewa take yi, sai a tashi da ciwo biyu maimakon ɗaya. Ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki ɗora minti goma sha biyar, sau biyu ko uku a rana. Kitsen damo ba ya cutarwa, sai dai maƙwabta. Ki zo ranar Asabar, na ajiye miki ƙarfe goma. Wata uku ne tsakaninmu da kwamiti, kuma wata uku ba kaɗan ba ne ga irin wannan ciwo, in mai shi tana jin magana.

Ɗalibarki,
Gilvânia

*

Lagoa do Marruá, 2 ga Afrilu, 1997

Lamba Sha Huɗu,

Gaisuwa mai yawa. Na dawo lafiya, ko da yake Seu Belarmino ya tsaya gaida kowane rami a hanya.

Creuza ta tambaye ni me kika ce, na maimaita mata darasin kamar yadda kika yi mini da kwarangwal ɗin roba na ofishinki. Na ce akwai wani ƙashi a saman kafaɗa kamar rumfa, ƙarƙashinsa kan ƙashin damtse, tsakaninsu wani ɗan lungu da jijiyoyi suke bi. Duk sanda aka ɗaga hannu lungun yana tsukewa. In mutum ya yi shekaru yana aiki da hannu a sama, tsokokin da suke riƙe kan ƙashin a mazauninsa suka gaji, kafaɗu kuma suka ranƙwafo gaba saboda duƙawa kan takardun jarrabawa, sai ƙashin ya riƙa matse jijiyar da rumfar, ta kumbura, kumburin ya ƙara cike lungun. Creuza ta saurara har ƙarshe, ta ce to ai abin da mai addu'a ta faɗa ke nan, wani abu ne ya danne ni.

Aikin gidan da kika ba ni ina yi. Ina duƙawa na dafa tebur na saki hannu yana lilo. Ina tafiyar gizo-gizo da yatsu a bango. Ina kwanciya na ɗaga sandar tsintsiya da hannu biyu, mai lafiyar yana jan marar lafiyar. Mai gyaran keke ya yanko mini robar cikin taya, na ɗaura a mariƙin ƙofa, ina maƙale tawul a hammata ina ja waje, gwiwar hannu a jikin haƙarƙari. Ina matse allunan kafaɗa baya kamar zan riƙe fensir a tsakaninsu. Na bar ragar lilon da nake kwana a ciki na koma gado da matashi a ƙarƙashin hannu, abin da ban yi ba tun ina jaririya.

Sai dai na yi ɗan gyara a lissafinki. Kin ce goma-goma sau biyu a rana, sati goma sha biyu. Na ga in na yi talatin-talatin sau huɗu, sati biyu ya isa. Na kuma canza robar keke da ta babur. Sakamakon bai fito yadda na zata ba. Tun ranar Lahadi ko kofi ban iya kaiwa baki da dama, ina rubuta miki wannan da gwiwar hannu a kan ƙamus. A aji ina faɗa ne yara suna rubutawa, kamar limamin coci.

Seu Otacílio ya gan ni a baranda, ya ce matan laburare sun riga sun share mini kujera kusa da taga. Na gode masa.

Ki faɗa mini inda na yi kuskure, amma a taƙaice.

Z. A.

*

Teresina, 6 ga Afrilu, 1997

Malama,

Ina gaisuwa. A taƙaice: jijiya ba ta karanta lissafi ba. Tana warkewa ne a lokacin hutun da ke tsakanin motsi da motsi, kin hana ta hutun. Ki tsaya kwana huɗu, ƙanƙara da lilo kawai. Sannan ki koma goma-goma da robar keke. Ɗan zafi da zai lafa kafin ki gama shan kofi ba laifi. Zafin da zai kwana ya tashi da ke yana nufin kin wuce gona. Ki mayar wa mai babur robarsa.

Akwai wani abu da yake damuna tun ranar da kika zo. Da kika shigo ofis ban gane ki ba sai da kika yi magana. Ina jiran doguwar mace, sai ga wata da kanta bai wuce haɓata ba. Na auna ki, mita ɗaya da santimita arba'in da tara. Na faɗa wa mijina, ya ce kowa haka yake tuna malaminsa. Amma ni na shekara biyu ina kallon bayanki, Malama, godiya ga rabin maki, kuma ban taɓa ganin hannunki ya wuce kanki ba. Kina rubuta kwanan wata a can saman allo gwiwar hannunki a lanƙwashe. Ina kuma tuna wata ƙara, ƙiƙ-ƙiƙ, duk sanda kika taka zuwa gefen taga. Da ita muke sanin kin juyo.

Motsa jikin da na ba ki zai gyara tsoka, amma in kullum kina komawa ga abin da ya jawo ciwon, zuba ruwa muke yi a kwando. Ki ɗauki abin awo ki auna mini allon ajinki, daga ƙasa zuwa layin da kike fara rubutu.

Ki gaida Dona Creuza.
Gilvânia

*

Lagoa do Marruá, 20 ga Afrilu, 1997

Gilvânia,

Bayan gaisuwa. Mita ɗaya da santimita tamanin.

Na tsaya da abin awon a hannu na daɗe ina jin kunya. Ni da nake koya wa yara awo, shekara tara ina miƙewa a kan yatsun ƙafa ban tambayi dalili ba. Kin san allunanmu na siminti ne a jikin bango, tun zamanin da makarantar take hannun fadan cocin nan Bajamushe wanda yake duƙawa kafin ya shiga ƙofa. Shi ya shata tsayinsu, ya sa aka yi wa kowane aji dandamalin katako mai tsayin santimita talatin da biyar. Ƙarar da kike tunawa tasa ce. A 1988 aka kwashe su duka. Seu Otacílio ne ya rubuta takardar umarnin, lokacin ya dawo daga kwas da gemu da sababbin kalmomi: malami ba zai ƙara tsayawa sama da ɗalibi ba, zamanin mulkin danniya a aji ya wuce. Mun tafa masa, har da ni. An sauko da malami, ba wanda ya tuna ya sauko da allo.

Na shiga laburare da abin awona. Dona Nazaré ta ɗaga kai daga saƙa ta ce, "Zuleide, har kin zo auna kujerar taki?" Na ce a'a, ku na zo aunawa, ku tashi. Mafi tsayinsu mita ɗaya da hamsin da huɗu. Duk huɗun bayan 1988 aka kawo su nan, duk huɗun kafaɗar hannun rubutu ce. Babu namiji ko ɗaya a ɗakin, babu doguwa. Da na gama yi musu bayani Dona Nazaré ta ajiye ƙoshiyar saƙarta. Ta ce shekara shida tana zaton tsufa ne, ko kuma wani zunubi da ta manta. Tana da shekara arba'in da ɗaya aka kawo ta.

Na yi tunanin shafa fenti a ƙasan allon na riƙa rubutu a can, amma yara arba'in da biyar ne, na baya ba za su ga komai ba sai ƙeyar na gaba. Don haka na tambayi mai dafa abinci inda dandamalan suke. Suna sito a bayan kicin, an jera buhunan wake a kai. Sau ɗaya a shekara ake fito da su, a haɗa su wuri guda a yi wa makaɗa dandalin bikin São João.

Ranar Litinin mu biyar muka janyo ɗaya. Ki kwatanta a ranki: mata biyar, hannayen hagu biyar, ana jan katako a baranda lokacin tara. Na hau. Na rubuta kwanan wata gwiwar hannuna a lanƙwashe. Na taka gefen taga, ya yi ƙarar nan. Ban yi kuka ba, in abin da kike son ji ke nan.

Goma-goma nake yi. Zafin ya koma tsakanin digiri tamanin da ɗari da goma.

Zuleide

*

Ofishin Shugaban Makaranta, 24 ga Afrilu, 1997

Zuwa ga Malama Zuleide Amorim,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da yabawa da daɗewar hidimarki, ina tunatar da ke cewa takardar umarni mai lamba 3 ta 1988 tana nan da ƙarfinta. Dandamali alama ce ta tsarin da wannan makaranta ta yi ban kwana da shi, kuma kayan sito ba a fitar da su sai da izinin wannan ofis. Ana buƙatar a mayar da shi kafin ranar Juma'a.

Ina ƙarawa, a matsayin abokin aiki, cewa buƙatar abin takawa ita kanta shaida ce cewa aikin allo ya fi ƙarfin lafiyarki, kuma wajibina ne na sanar da kwamitin likitoci haka. Ba wanda yake son ganin kin wahala. Laburare wuri ne mai daraja.

Naki cikin aiki,
Otacílio Brandão Veras

*

Lagoa do Marruá, 18 ga Mayu, 1997

Gilvânia,

Ina gaishe ki. Ga kwafin wasiƙar Seu Otacílio na haɗo miki, don ki ga yadda ake yanka mutum da ladabi.

Ban mayar da dandamalin ba. Ranar Juma'ar ya zo da kansa da masinja, ya tarar ina kai ina koyar da kusurwoyi. Ya ce in sauko mu yi magana. Na ce ina jinsa daga nan. Ya ce, "Zuleide, ke fa kin tafa ranar da aka kwashe su." Na ce, "Na tafa, Otacílio. Lokacin ina da kafaɗar tafi." Yara suka sunkuyar da kai cikin littattafai, kafaɗunsu suna rawa. Masinjan ya dubi dandamalin, ya dube ni a kai, ya ce shi bayansa yana ciwo. Suka fita. Tun ranar, in na tashi daga aji Dona Nazaré take zuwa ta zauna a kansa da saƙarta har na dawo. Ta ce aikin laburare ne, gadin kayan tarihi.

Kada ki ɗauka mugu ne. Ya yi imani da takardar nan tasa, ita ce abu ɗaya da ya taɓa rubutawa aka karanta. Kullum yana tambayar lafiyata, kuma da gaske yake.

Kin ga ci gaban da kanki ranar Asabar ɗin da ta wuce. Ina taje gashina, ina kwana ta dama rabin dare, na fara tura bango da ja daga sama kamar yadda kika ƙara mini. Saura sati uku da 'yan kwanaki. Shi zai rubuta wa kwamiti cewa ban iya ba. Ina buƙatar takarda da za ta ce na warke, kalma ɗaya, ba tare da amma ba. Wannan karon kin ga kafaɗar, kuma na yi aikin gidana. Ba rabin maki nake roƙo ba. Abin da ya rage bai kai rabi ba.

Zuleide

*

Teresina, 2 ga Yuni, 1997

Malama,

Ina gaishe ki, kuma na san za ki yi fushi. Ga rahoton a cikin ambulan, ban manne ba don ki karanta.

Ban rubuta kin warke ba. Na rubuta cewa kina ɗaga hannu zuwa digiri ɗari da sittin, da ragowar zafi kaɗan in kin daɗe a sama, ƙarfin tsoka ya dawo kusan duka, ba kya buƙatar allura ko tiyata. Na rubuta cewa kina iya koyarwa cikakken lokaci matuƙar rubutunki ba zai wuce tsayin goshinki ba. Na sa tsayinki, na sa tsayin allo, na sa na dandamali. Na sa tsayin matan nan huɗu da shekarar da aka ɗauke kowace, tunda sun yarda.

Na san haɗarin. Likitan da yake sauri zai ga "matuƙar" ya tsaya nan, ya tura ki laburare. Amma in na ce kin warke, washegari Seu Otacílio zai ce mai lafiya ba ta buƙatar abin takawa, ya ɗauke shi, kafin Kirsimeti ki dawo mini da ciwon da ya fi na farko, kuma a lokacin ba ni da abin faɗa. Dona Nazaré ma za ta rasa hujjarta.

Ke kika koya mini kada na rubuta amsar da ban iya nuna hanyarta ba. Na ƙi jininki shekara guda a kan haka. Kina iya ƙin nawa zuwa ranar sha biyu.

Ki sa riga marar hannu. Kada ki yi motsa jiki da safen ranar. Ki tafi da abin awon.

Ɗalibarki,
Gilvânia

*

Lagoa do Marruá, 25 ga Yuni, 1997

Lamba Sha Huɗu,

Gaisuwa.

Likitoci uku ne suka zo garinmu, biyu suna duba agogo. Ta ukun wata 'yar guntuwa ce da ƙafafunta ba sa kaiwa ƙasa daga kujera. Ta karanta rahotonki sau biyu, ta ari abin awona, ta tsallaka titi zuwa makaranta da kanta. Sun rubuta: ta ci gaba da aji, da dandamali.

Jiya aka yi São João. Makaɗa a ƙasa suka tsaya, don sauran dandamalan ma sun bar sito, ba a san wanda ya ja su ba. Seu Otacílio ya yi rawa duk da haka.

Dona Nazaré za ta zo miki ranar Talata a motar safe. Shekara shida ba ta ɗaga hannun ba, ki yi mata a hankali. Ta fara tambayar ko har yanzu aji na shida ba su da malamar tarihi.

Na binciko takardarki ta 1979 a akwati, na sake gyara ta da jan biro, da hannun dama. Huɗu da rabi ne.

Malamarki,
Zuleide